Zankon Zakara a Rafindaɗi

A ƙullin leda Lantana ta aiko shi daga Funtuwa,
ƙullin bai kai kan ɗan yatsa ba.
Na kwance bisa tafi, na fita bakin zaure wurin haske:
baƙi wuluk, yana ƙyalli,
kamar kwallin da aka fara daka aka bari.
Wannan ne zai zama fure?
Ni da zare ya daina shigar mini allura
tun azumin bara waccan.

Tsohon daron wanka na huda da ƙusa, huda tara.
Yashi, jar ƙasa,
da kashin awaki wanda ya shekara a bayan ɗaki.
Ba a binne shi, in ji Lantana,
barbaɗawa ake, kamar gishiri a miyar mai hawan jini,
a danna da tafi,
a tsoma tsintsiya a ruwa a yarfa.

Jarka ta yi tsada a Rafindaɗi.
Sai na mai da alwalata bakin daron,
abin da ya gangaro daga gwiwar hannu rabonsa ne.

Kwana shida shiru. Na bakwai ma haka.
Ran Laraba jikata Saude ta durƙusa ta ce,
Kaka, ƙasarka ta yi gashi.
Ita ta ƙirga, ni kore-kore kawai nake gani:
arba'in da ɗaya.

Barmo ya leƙo ta kan katanga.
Ana miya da shi?
Na ce wai wasu na yi, ni ba don tukunya na shuka ba.
To magani ne?
A'a.
Ya daɗe yana dubana,
irin duban da ake wa wanda ya sayo takalmi ƙafa guda.

Ran Juma'a muna masallaci zakaransa ya tsallako.
Na dawo na iske shi tsaye tsakiyar daro,
zankonsa na rawa,
ya yi wa takwarorinsa kaca-kaca.
Saura bakwai.
Ban ce uffan ba, maƙwabci ya fi fure daɗewa.
Na yanko tsohon gidan sauro,
Saude ta zura mini zare, na ɗinka musu rumfa,
ɗinkina na farko cikin shekara biyu,
a karkace, amma ya riƙe.

Da suka yi ganye huɗu, wata yamma bayan ruwa ya ɗauke,
na ɗebo kowanne da ƙasarsa a cokali,
don saiwar ba ta son hannu.
Taƙi guda tsakani, gefen da rana ke wuni.
Biyu suka ruɓe daga tushe.
Laifina ne, na cika musu ruwa.

Wata biyu da 'yan kai,
sai ga wani abu a tsakiyar ganye kamar kan ashana.
Ya kumbura, ya baje, ya nannaɗe kansa.
Ja, ba jan tumatir ba, ba jan goro ba,
jan karammiskin nan da wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini,
na kwana uku ina tsoron sa masa almakashi.

Na bi shi da yatsu, lungu-lungu.
Shekara arba'in ina tattara a bakin keke,
ban taɓa fitar da irin wannan ba.
Na lalubi inda aka ƙulle zaren.
Ban samu ba.
Na zauna a ƙasa har aka kira la'asar.

Jiya Barmo ya shigo, ta ƙofa wannan karon,
da yagaggen shafin littafin lissafi a hannu.
Wai Dije ce ke so, ba shi ba.
Na tsinko busasshen kai guda, na karkaɗe bisa faifai,
ya zubo shar-shar, fiye da abin da Lantana ta aiko sau goma.
Na naɗe masa.
Na ce kada ka binne, kada ka cika ruwa.
Ya kai bakin zaure na ƙara da cewa,
ka kuma nemo wa zakaran nan igiya.